Wa Ya Fara Sara? Tarihin Gardamar Dokokin Faɗa a Wasannin Kan Tebur

Akwai wani nau'in wasa da ya ɓullo a Amurka cikin shekarun 1970, wanda ba ya buƙatar fili ko ƙwallo ko na'ura. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye tebur, kowa da takarda da fensir. Kowane ɗan wasa zai ɗauki jarumi guda ya shiga rigarsa: wannan mayaƙi ne mai takobi da garkuwa, wancan maharbi, waccan mai sihiri. Mutum ɗaya ne ba shi da jarumi, shi ne alƙalin wasa. Shi ke ba da labarin duniyar da ake ciki, shi ke magana da bakin sarakuna da 'yan fashi da dodanni. 'Yan wasa su faɗi abin da jarumansu za su yi, alƙali ya faɗi abin da ya biyo baya. Inda ake shakkar sakamako sai a jefa dayis, wato 'yan ƙwayoyin nan masu lamba irin na ludo, sai dai a nan har da mai fuska ashirin. Mafi shahara a cikin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda ake taƙaitawa da D&D.

Muddin tafiya ake yi a cikin labarin, ko ciniki, ko hira, da wuya ka ji murya ta tashi a tebur. Da zarar an zare takobi kuwa sai kowa ya jawo littafin dokoki. A wurin faɗa ne jarumin da mutum ya shekara biyu yana reno zai iya mutuwa cikin minti biyar, kuma sau da yawa abin da ke tsakanin ransa da ajalinsa 'yar ƙaramar tambaya ce. Wa ya fara sara? Mutum zai iya rugawa da gudu kuma ya kai sara a layi guda? Mai sihirin da aka soka yana tsakiyar surkulle, tsafinsa ya ci ko ya ɓaci? A faɗa na gaskiya kowa na motsi ne a lokaci guda, a tebur kuwa tilas a bi layi, ɗaya bayan ɗaya. Daga wannan giɓi ne kusan duk gardamar ke fitowa. Shekara ɗari biyu ke nan masu tsara wasannin yaƙi suna neman cike shi, wani lokaci da ƙarin doka, wani lokaci da ƙarin iko ga alƙali, kuma babu hanyar da ba ta zo da nata ciwon kai ba.

Hafsoshin Purushiya da jadawalinsu

Tushen maganar yana wurin sojoji, a Purushiya, daular da daga baya ta haɗe ƙasar Jamus. A 1824 wani matashin hafsa mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa manyan sojan ƙasar wani wasan horo da ya gyara daga wanda mahaifinsa ya ƙirƙira. Sunansa Kriegsspiel, ma'ana wasan yaƙi. Ana yin sa a kan taswira ta ainihi, da 'yan gutattakin ƙarfe ja da shuɗi a madadin rundunoni, kuma kowane zagaye yana daidai da minti biyu na fagen daga. 'Yan wasa ba sa taɓa komai da hannunsu. Suna rubuta umarni su miƙa wa alƙali, shi kuma ya duba jadawali ya ga iya nisan da dakaru ko sojan doki za su ci cikin minti biyu, ya jefa dayis ya ga ɓarnar da igwa ta yi, sannan ya sanar da kowane ɓangare abin da idonsu zai iya gani kawai. Babban hafsan hafsoshi na lokacin, Janar von Müffling, ya yaba da wasan har ya ba da shawarar a riƙa horar da sojoji da shi.

Da shekaru suka ja sai jadawalin ya yi ta kumbura, domin duk sabuwar bindiga da nata lissafi. Aka kai ga arangamar da za ta ƙare cikin rabin awa a fili tana cinye yini guda a tebur, hafsoshi da dama suka riƙa gudun aikin alƙalanci. A 1876 Julius von Verdy du Vernois, wanda daga baya ya zama ministan yaƙi, ya fitar da ɗan littafi da ya kawo wata mafita: a ajiye dayis da jadawali, a sa gogaggen hafsa ya yanke hukunci da abin da ya sani na yaƙi. Wasa ya yi sauri, amma ingancinsa ya koma rataye a wuyan mutum ɗaya. In alƙali ya san aiki, an ƙaru. In yana da son kai ko tsohon tunani, to shi ke nan. Abin da ya sa tsarin ya yi aiki a bariki shi ne girman muƙami, don ƙaramin hafsa ba ya jayayya da na gaba da shi. Wannan garkuwa ce da alƙalin wasa na farar hula bai taɓa samu ba.

Marubucin Ingila H. G. Wells ya kauce wa matsalar ta wata dabara a littafinsa Little Wars na 1913. 'Yan sojojin gubar yara ake jerawa a daɓen ɗaki, a harbe su da 'yar igwar wasa mai tsartar da gutsuren katako. Sojan da ya faɗi ya mutu, babu abin fassarawa. Sai dai wannan dabara ba ta da amfani ga wanda ke son sanin ko jarumi ya kare sara da garkuwa.

Daga runduna zuwa mutum guda

A ƙarshen shekarun 1960, a jihar Minnesota ta Amurka, wani ɗalibi mai suna David Wesely ya ci karo da tsohon littafin wasan yaƙi na sojan Amurka, Strategos na Charles Totten, wanda aka buga a 1880. A ciki ya ga matsayin alƙali, ya kawo shi ƙungiyarsu ta masu wasan yaƙi, wadda gardamar dokoki ta addaba. Daga nan ya shirya wani wasa a ƙagaggen garin Jamus mai suna Braunstein, inda ya ba kowane ɗan wasa mutum guda maimakon runduna: wani magajin gari, wani ma'aikacin banki, wani shugaban jami'a. Ana cikin wasa sai 'yan wasa biyu suka ƙalubalanci juna da fito-na-fito. Wesely bai tanadi doka a kan haka ba, nan take ya ƙago wata. Shi yana ganin wasan ya watse, su kuwa 'yan wasa suka ce a sake.

Ɗaya daga cikinsu, Dave Arneson, ya ɗauki wannan salo ya kai shi duniyar dodanni da sihiri a wasansa na Blackmoor a 1971. Don faɗa sai ya ari dokokin Chainmail, wanda Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar a wannan shekara. An rubuta Chainmail ne don rundunoni, inda ɗan mutum-mutumi guda ke wakiltar soja ashirin, kuma jifa ɗaya na dayis kan iya kashe jarumi. Ga janar mai ɗaruruwan sojoji wannan ba komai ba ne. Ga wanda jarumi guda gare shi kuwa, an sallame shi gida ke nan tun dare bai yi nisa ba. Sai Arneson ya shigo da makin rai, wanda kowane sara ke ragewa har ya ƙare, da kuma lambar sulke mai nuna wuyar samun mutum. Ya faɗa daga baya cewa daga wani wasan jiragen yaƙin ruwa ya ɗauko su. Dokar da aka yi wa jirgi mai bangon ƙarfe ita aka ɗora wa jikin ɗan Adam, kuma har yau ana tambayar me ake nufi in aka ce mutum ya rasa maki takwas cikin arba'in: jini ya zuba, ko gajiya ya yi, ko sa'arsa ce ta ragu?

Littattafai uku masu giɓi

A watan Janairun 1974 kamfanin TSR na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ya fitar da D&D da sunan Gygax da Arneson: 'yan littattafai uku a cikin kwali, kwafi 1,000, dala 10 kowanne. Marubutan sun ɗauka cewa duk mai saye ya san Chainmail, don haka suka tura mai karatu can a kan sha'anin faɗa, suka kuma ƙara wata hanya ta biyu mai amfani da dayis mai fuska ashirin. Ba su fayyace wa ke farawa ba, ba su jera matakan zagaye ba, kuma kowane makami, wuƙa ko gatari, ɓarna iri ɗaya yake yi. A shafin ƙarshe ma sun shawarci alƙalai da su yanke wa kansu hukunci a duk inda doka ta yi shiru, maimakon su riƙa aiko da tambaya.

Tambayoyi kuwa suka yi ta zuwa. A 1975 dole ta sa kamfanin ya buga amsoshi a mujallarsa The Strategic Review, har da misalin yadda ake gudanar da faɗa. Kafin nan kowane gari ya riga ya yi nasa gyaran. A Kalifoniya, Steve Perrin, wanda yana cikin wata ƙungiya da ke sa sulke ana gwabzawa da takubban sanda, ya rarraba nasa tsarin a 1976, domin ya san daga jikinsa cewa tsawon makami da saurin hannu ne ke nuna wa zai fara taɓa wani. Wannan tunani ya haifi wasan RuneQuest a 1978, mai zagaye na daƙiƙa goma sha biyu, inda ake kare sara, ake kuma tantance gaɓar da aka sara, hannu ko ƙafa ko kai.

Yawan gyare-gyaren nan ya zama matsala ga TSR. Ana shirya gasa a manyan tarukan 'yan wasa, kuma ba a yin gasa in kowane tebur da dokarsa. Daga 1977 zuwa 1979 Gygax ya rubuta sabon tsari mai littattafai uku manya, Advanced Dungeons & Dragons, ya kuma bayyana a mujallar The Dragon cewa manufarsa ita ce wasa ya zama iri ɗaya a ko'ina. A nan zagaye minti ɗaya ne, an raba shi gida goma na daƙiƙa shida-shida. Kowane makami da lambar saurinsa, kowane tsafi da tsawon surkullensa, kowane sulke da yadda yake karɓar kowane makami. Ya bayyana cewa minti gudan nan cike yake da kai-kawo da zilliya da yaudara, jifan dayis ɗaya kuwa na wakiltar sara guda ne da ke da damar yin illa. Bayanin yana da ma'ana, amma sai maharbi ya tambaya: in haka ne, kibiya nawa ta fita daga kwarina? Dokokin wa-zai-fara kuma sun watsu a shafuka daban-daban, suna karo da juna a wasu wurare, har yau masoya wannan bugu ba su daidaita a kan fassara ɗaya ba. Gygax da kansa ya sha gaya wa masu tambayarsa daga baya cewa ba ya amfani da lambar saurin makami a teburinsa. Kuma a ƙarshen littafin alƙalai na 1979, bayan duk jadawalin nan, ya gargaɗi alƙali da ya bi manufar wasa, kada ya bari wani lauyan tebur ya ɗaure shi da harafin doka.

A shekarar 1979 ɗin ne The Dragon ta buɗe filin amsa tambayoyi mai suna Sage Advice, wanda Jean Wells ta fara riƙewa. Skip Williams ya gaje shi a 1987 ya riƙe har 2004. Wasan da aka fara da cewa kowa ya yanke wa kansa hukunci ya wayi gari da kotun ɗaukaka ƙara.

Zamanin lauyoyi

Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997. Shi ne mai wasan kati na Magic: The Gathering, inda ake gasa a kan kuɗi kuma kowace kalma da ke kan kati tana da ma'ana ɗaya tak. Da wannan tarbiyya aka rubuta bugu na uku na D&D a 2000, aikin Jonathan Tweet da Monte Cook da Skip Williams. Zagaye ya koma daƙiƙa shida. Aka rarraba duk abin da jarumi zai iya yi gida-gida: babban aiki kamar sara, aikin motsi, aikin da ke cinye zagaye gaba ɗaya, da aikin kyauta kamar yar da abin da ke hannu. Aka ƙara dokar cewa wanda ya yi sakaci kusa da abokin gaba, misali ya juya baya ko ya tsaya shan magani, za a iya kai masa sara ba a layi ba. Ɗan wasa ya sami abin da bai taɓa samu ba: zai iya shirya dabara a gida, ya san za ta yi aiki a kowane tebur, ba sai ya roƙi alƙali ba. Ga wanda ya taɓa zama ƙarƙashin azzalumin alƙali, wannan 'yanci ne na gaske.

Amma da doka ta yi alkawarin amsa komai, sai mutane suka fara karanta ta kamar ita ce duniyar. A gyararren bugun 2003, jarumi na mutuwa in makinsa ya kai goma ƙasa da sifili. Dokar nutsewa a ruwa kuma ta ce wanda numfashinsa ya ƙare makinsa ya koma sifili. Sai masu wayo suka lura cewa wanda ke kan takwas ƙasa da sifili, in aka dulmiya kansa a bokiti, lissafi ya nuna ya sami sauƙi. Wani misalin da ya fi wannan yaɗuwa ya shafi dokar ɗana aiki, wadda ke ba mutum damar cewa zai jira, in abu kaza ya faru ya yi kaza nan take. A jera manoma 1,000, kowa a tazarar ƙafa biyar, kowa ya ɗana cewa da an miƙo masa sanda zai miƙa wa na gaba. Bisa harafin doka sandar za ta ci ƙafa 5,000 cikin daƙiƙa shida, gudun da ya haura kilomita 900 a awa, kwatankwacin jirgin sama. Sai a ce na ƙarshe ya sake ta a kan dodo. Wayon da ke ciki shi ne an bi littafi wajen miƙa sanda, an kuma koma ilimin kimiyya wajen lissafin ɓarna. In littafi za a bi har ƙarshe, manomi ne ya jefi dodo da sanda.

Bugu na huɗu a 2008 ya ƙara matse dokoki, ana auna komai da murabba'ai a kan allo. A wannan shekarar Matt Finch ya fitar da 'yar maƙala da ta zama tutar masu son komawa tsohon salo, inda ya fifita hukuncin alƙali a kan yawan doka. Abin da Verdy ya faɗa wa hafsoshi a 1876 ke nan, an maimaita shi ga farar hula. Wasu suka nemi wata hanyar dabam. Apocalypse World na Vincent Baker a 2010 ya watsar da bin layi ɗungurungum: ana ba da labari ne, in abin da aka faɗa ya dace da wani yunƙuri da littafi ya ambata sai a jefa dayis biyu. Pathfinder kuwa, a bugunsa na biyu na 2019, ya ba kowa aiki uku daidai wa daida a kowane layi, don a huta da rarrabe-rarrabe. A na farkon gardama ta koma kan ko abin da aka faɗa ya kai a jefa dayis, a na biyun ta koma kan aiki nawa abu kaza zai ci.

Kalma guda da garkuwa

Bugu na biyar na D&D a 2014 ya nemi tsakiya. A layinsa jarumi na da motsi da babban aiki guda, wani lokaci da ƙaramin aiki na gyara, kamar yadda mai awo ke ƙara wa mai saye, sai kuma martani guda da zai iya yi a layin wani. An rubuta dokokin da harshen yau da kullum, an bar wa alƙali sarari. A 2015 babban mai tsara dokokin, Jeremy Crawford, ya farfaɗo da Sage Advice, ya ce yana duban kowace doka ta fuska uku: abin da aka rubuta, abin da aka nufa, da abin da zai sa wasa ya yi daɗi.

Ba a jima ba aka ga iyakar wannan. Akwai wata baiwa ta gwanin garkuwa, wadda ta ce idan jarumi ya yi aikin kai hari a layinsa, yana iya amfani da aikin gyara ya bangaje abokin gaba da garkuwa. Wanda aka kayar ƙasa ya fi sauƙin sara, don haka kowa na son ya fara bangaza sannan ya sara. To, "idan" ɗin nan na nufin sai an gama harin, ko ya isa mutum ya yi niyya? Da farko Crawford ya ce ɗan wasa na iya zaɓar wanda zai fara. A 2018 ya sauya fatawa, ya ce hari ne farko. Mutanen da suka gina jarumansu a kan amsar farko suka ga dabararsu ta rushe ba tare da an canza harafi ɗaya a littafi ba. Alƙalai da yawa suka ci gaba da bin tsohuwar fassara a teburinsu, kuma babu wanda ya isa ya hana su, domin littafin da kansa ya ce maganar alƙali ce ta ƙarshe. Sai a gyararren bugun 2024 aka sake rubuta baiwar, aka ɗaura bangazar a kan saran da ya samu.

Littafin alƙalai na 2024 ya yi wani abu da magabatansa na kusa ba su yi ba. Ya kawo misalin manoman nan masu miƙa mashi, ya ce dokoki ba kimiyyar duniya ba ne, an yi su ne don wasa ya tafi, kuma suna aiki ne kawai in an karanta su da kyakkyawar niyya. Bayan shekara hamsin da dubban shafuka, kamfanin ya dawo kusa da abin da 'yan littattafan 1974 suka faɗa a shafinsu na ƙarshe.

Wannan ba ya nufin shafukan sun tafi a banza. Rubutacciyar doka ce ke kare sabon ɗan wasa daga alƙali mai fifita abokinsa, ita ke sa mutum ya yarda jaruminsa ya mutu ba tare da ya ji an cuce shi ba, tunda ya san sharaɗin kafin a jefa dayis. Abin da tarihin ya nuna shi ne doka ba ta iya hango duk abin da mutum biyar masu kaifin basira za su ƙago a daren Asabar, kuma duk lokacin da aka ƙara mata shafi don toshe wata kafa, sabon shafin kan zo da kalmomin da za a yi gardama a kansu. Hafsan Purushiya yana da tauraro a kafaɗa da ke sa a yi shiru in ya yi magana. Alƙalin tebur ba shi da komai sai yardar abokansa, kuma gogaggun alƙalai sun daɗe da sanin yadda ake riƙe ta: a faɗi fassara kafin a jefa dayis, a yanke hukunci da sauri a bar bincike sai an tashi, kuma hukuncin da aka yi wa jarumi yau a yi wa dodo irinsa gobe.